Hobby da Hausa: dalilin da ya sa na tsaya a kan "aikin ra'ayi"

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar da nake so mu zauna a kanta yau ita ce hobby. Duk wanda ya taɓa cike takardar neman aiki ko neman makaranta da Turanci ya ci karo da ita, masu fassara kuma sun san yadda take tsaya wa mutum a maƙogwaro. Yawancinmu "abin sha'awa" muke rubutawa mu wuce. Ni ban gamsu da ita ba, kuma ina da wadda nake ganin ta fi ta zama daram. Mai ja ya ja, dama don haka na kawo maganar.

2/
Kafin a raɗa suna sai an ga jariri. A 1865 wani lauya ɗan asalin Sikotilan mai suna John MacGregor ya sa aka ƙera masa ɗan jirgin katako mai tsawon ƙafa 15, ya sa masa suna Rob Roy, ya bi kogunan Jamus da Faransa da tabkunan Suwizalan da shi. A 1866 ya fitar da littafin tafiyar, ya kuma kafa ƙungiyar masu tuƙin irin wannan jirgi a Ingila. Jirgin nasa rufaffe ne daga sama, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu, wato fasalin jirgin da mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara suka daɗe suna harhaɗawa da itacen da teku ta kawo gaɓa, su lulluɓe shi da fatar dabbar teku, su fita farauta.

Ku lura da kyau. Mafaraucin Inuwit da ya shiga jirginsa don ya ciyar da iyali, sana'a yake yi. MacGregor kuwa ba yunwa ta fitar da shi ba, babu mai biyansa, babu wanda ya aike shi. Jirgin kusan ɗaya ne, tuƙin ma ɗaya ne, dalilin fita ne ya raba su. Saboda haka kalmar da muke nema dole ta nuna dalili: mutum ya zaɓi abu da kansa, yana komawa gare shi shekara da shekaru, yana kashe masa lokaci da kuɗi, yana ƙara saninsa, ba tare da jiran lada daga kowa ba.

3/
Asalin kalmar a Turanci ba zai taimake mu ba. Daga sunan ɗan ƙaramin doki ta fito, daga baya ta koma sunan sandar da ake sa wa kan doki yara su hau, kamar dokin kara. Su kansu masu harshen sun manta da dokin. Ba sai mun bi sawunsa ba.

4/
Matsalar "abin sha'awa" ita ce faɗi. Faɗuwar rana a bakin ruwa abin sha'awa ce. Kyakkyawan rubutu abin sha'awa ne. Yaro mai ladabi ma haka. Kalmar tana siffanta abin da ido ya gani ya yaba, ba ta nuna cewa mutum ya tashi ya yi wani abu da hannunsa ba. Idan kuma aka cire "abin" aka bar "sha'awa" ita kaɗai, kowa ya san inda hankali yake karkata. Ba za a buga wa mai neman aiki tambayar "mece ce sha'awarka" a takarda ba.

5/
An rubuto mini "abin ɗebe kewa", "abin nishaɗi", da "wasa". Na gode, amma dukansu sun yi wa abin sauƙi da yawa.

Ɗebe kewa sai da kewa, alhali da yawa daga masu irin wannan harka lokaci ne ma bai ishe su ba, satarsa suke yi daga barci. Nishaɗi kuma ya haɗa da zama a kujera a kalli fim, yanzu ma kunne ya saba jin sa tare da masana'antar fim da waƙa. Wasa kuwa, ku auna shi da wannan: a 1955 wata tsohuwa Ba'amurkiya, Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar duwatsun Appalachian da ƙafa daga jihar Jojiya har Maine, fiye da kilomita 3,000, ita kaɗai, cikin kwana 146. Kayanta ɗan buhu ne da ta ɗinka da kanta ta rataya a kafaɗa, da bargo, da rigar ruwa, da labulen roba na banɗaki da take fakewa a ƙarƙashinsa idan ruwa ya sauko. A 1957 ta sake komawa ta yi. Wa zai dubi ƙafafun wannan baiwar Allah ya ce wasa ta je yi? Akwai wahala a ciki, wahalar da mutum ya ɗora wa kansa yana murna. Kalmar da ba za ta iya ɗaukar wahalar nan ba ta yi kaɗan.

6/
Ƙanena da ka ce "maita", na fahimce ka sarai, kuma a fagen hira ka fi kowa kusa. Muna cewa mayen ƙwallo, mayen karatu, kowa ya gane mutum ne da abu ya shiga jininsa. Ƙarfin kalmar ya yi. Sai dai ba ta da mutuncin shiga littafin makaranta, kuma akwai dattijon da ba zai yafe maka ba idan ka kira shi maye, ko da na tara tsofaffin agoguna ne. Mu bar ta tsakanin abokai.

7/
Malama, shawararki ta "aikin marmari" ita ce ta fi tsayar da ni tunani, Allah ya ƙara basira. Marmari ya kama rabin ma'anar daidai: abu ne da ba dole ba, rai ne kawai ya biya. Inda muka rabu shi ne daɗewa. Marmari tasowa yake yi, a biya shi, ya kwanta. Wanda ya ce "na ɗan taɓa ne don marmari" yana gaya miki ba zai zarce ba.

Ga misalin da ya sa na ce haka. A ƙarshen shekarun 1950 aka ba wani malamin jami'a a Kanada, Kirk Wipper, kyautar tsohon kwalekwalen sassaƙa guda ɗaya. Daga nan ya shiga neman na bawon itace, na fata, na katako, daga ƙasashe daban-daban, bai daina ba shekaru da dama. Abin da ya tara shi ne tushen gidan tarihin kwalekwale na Kanada da aka buɗe a garin Peterborough a 1997, wanda yau yake da jirage fiye da 600. Marmari ba ya kai mutum nan. Amma kalmarki tana da gurbi: wanda ya hau kwalekwale sau ɗaya lokacin hutu, marmari ya yi, kuma muna bukatar hanyar bambanta shi da wanda ya mayar da abin rayuwa.

8/
To ga tawa. Ku saurari yadda muke magana idan ba fassara muke yi ba:

"Yana da ra'ayin kiwon tsuntsaye."
"Ni ba ni da ra'ayin ƙwallo."
"Ai ba don kuɗi yake yi ba, ra'ayi ne kawai."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ma'anar hobby sak, babu ragi babu ƙari, kuma babu wanda ya ƙirƙire ta a ofis. Bakin mutane ne ya kai kalmar can. A cikinta akwai zaɓi, akwai ɗorewa, akwai amincewa da cewa abin da ya ɗauke hankalin wani ba lallai ya ɗauke naka ba. Ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa. Mai auna kayan tafiyarsa da giram, wanda zai yanke rabin mariƙin buroshin haƙori don ya rage nauyi, idan aka tambaye ka me ya same shi, amsar da za ta zo bakinka ita ce: ra'ayinsa ne.

Don haka a magana, "ra'ayi" ta wadatar. A rubutu, inda babu murya da fuska da za su taimaka, mu ce "aikin ra'ayi", jam'i "ayyukan ra'ayi". "Aiki" ya kawo ƙoƙari da ƙwarewa, "ra'ayi" ya kawo dalili. Kayan harkar kuma "kayan ra'ayi". Mai yin abin, "mai ra'ayin" kaza.

9/
Baba, ranka ya daɗe, na ga gyaranka cewa ra'ayi fahimta ce da matsaya, kamar ra'ayin malamai ko ra'ayin siyasa, kuma kada a ɗora wa kalma kaya biyu. Gaskiya ne wannan ce ma'anarta ta farko tun daga Larabci. Abin da nake roƙo ka duba shi ne, kayan na biyu ba ni na ɗora mata ba, ta daɗe tana ɗauke da shi. Kuma ginin jimla yana raba su: "ra'ayinsa a kan tuƙin kwalekwale" matsaya ce, "yana da ra'ayin tuƙin kwalekwale" so ne. Da zarar "aiki" ya shiga gaba, ruɗanin ya ƙare. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne kada mu ce "ɗan ra'ayi", domin siyasa ta riga ta kama wannan.

10/
Sai masu tara abubuwa. Tun da aka fitar da kan sarki na farko a Birtaniya a 1840 mutane suka fara adana shi, har wani Bafaranshe, Georges Herpin, ya ƙirƙira wa harkar suna a 1864. Mu ba sai mun ƙirƙiri komai ba, muna da "taska" da "taskacewa". Tarawa kowa yana yi, har tarkace ana tarawa. Mai taskacewa shi ne wanda ya san shekarar kowane abu, da inda aka yi shi, da wanda ya rage bai samu ba tukuna. Taskar kan sarki, taskar tsofaffin kuɗi, taskar filafilai. Ta zauna.

11/
Tunda da jirgi muka shigo, bari mu gama da shi. Kwalekwale ta riƙe canoe ba gardama, abu ne da ɗan Adam ya daɗe da sani: wanda aka tono a Pesse ta ƙasar Holan a 1955 ya kai kimanin shekara 10,000, na Dufuna ta jihar Yobe da aka gano a 1987 kuma kimanin 8,000. Kayak, wato irin jirgin Inuwit ɗin nan da na ambata a sama, ita ce mai wuya. Harshenmu ba ya son rufe kalma da irin wannan baƙi, bakin mutane zai mayar da ita "kayaki", ga shi kuma muna da kayaki tuntuni, jam'in kaya. "Ya sayi kayaki biyu" ba za ta taɓa nufin jirgi a kunnen kowa ba.

Wasu sun ce "rufaffen kwalekwale". Da ta yi, sai dai yanzu akwai na roba da yawa da ake zama a kansu a buɗe. Abin da bai canza ba shi ne filafili: na kayak baki biyu ne, ana tsoma dama a tsoma hagu, na canoe kuwa baki ɗaya. Don haka na fi son "kwalekwale mai tagwayen baki", tare da sanin cewa bakin na filafili ne. Ga masu rahoton wasanni akwai mafi sauƙi. A tseren jiragen nan na Olamfik, wanda ya shiga jerin gasa a Balin a 1936, mai kayak zaune yake ƙafafu a miƙe, mai canoe kuma a kan gwiwa ɗaya yake. "Tseren zaune" da "tseren durƙuso". Mai sauraron rediyo zai ga hoton nan take.

12/
Jakar baya ba ta bukatar taro, "jakar goyo" ta riga ta zauna. Abin da ya rage shi ne tafiyar da ake yi da ita. "Tattaki" ta isa ga wanda ya fita da safe ya dawo da yamma. Wanda zai kwana a hanya, da tantinsa da abin shimfiɗa da guzuri duk a bayansa, shi nake ba wa "tattakin goyo". Babbar jakar wannan tafiya tana da ƙashi a jikinta: Dick Kelty ya fara sayar da mai ƙashin alminiyam a waje a Kalifoniya a 1952, Greg Lowe kuma ya mayar da ƙashin ciki a 1967. Sai mu ce "mai ƙashin waje" da "mai ƙashin ciki". Madaurin ƙugunta, wanda yake sauke yawancin nauyi daga kafaɗa zuwa kwankwaso, "ɗamara" ce.

13/
Wani ɗan'uwa ya tambayi portage, wato inda ruwa ya yanke ko ya yi tsauri, matafiyi ya fito ya ɗauki jirgi da kaya ya taka zuwa ruwa na gaba. Masu fataucin fatu na Kanada sun yi ta yin haka, a hanyar Grand Portage da ke gefen tabkin Superior kusan kilomita 14 suke takawa, kowane mutum da ƙunshi biyu masu nauyin kusan kilo 40 kowanne. Don irin wannan ɗauka ne wani mai suna Camille Poirier ya yi rajistar jakarsa a garin Duluth na Amurka a 1882, mai madaurin da ake ratayawa a goshi, kuma masu ra'ayin kwalekwale suna amfani da irinta har yau. Muna da "fito" ga ƙetare ruwa da jirgi. Wannan kishiyarsa ce, jirgin ne ake ƙetarar da shi ta ƙasa, don haka na ba da "fiton tudu". Masu fassarar labarai da malaman makaranta, ku gwada ta a jimla tare da "aikin ra'ayi" cikin makon nan, ku dawo mana da inda ta yi muku tuntuɓe.