Neman shawara kan mayar da ƙarafan adon gilashin gaba na Datsun 240Z

Assalamu alaikum. Ina farfaɗo da wata tsohuwar mota ƙirar Datsun 240Z ta shekarar 1972 da ɗan abin da nake samu, kuma aikin ya tsaya mini cak a gilashin gaba. Robar da ke riƙe gilashin ta bushe ta tsattsage, don haka na sayi sabuwa wadda ba ta kamfani ba, saboda ita ce daidai ƙarfina. Mun zaunar da gilashin ta hanyar jan igiya daga ciki, ya kuwa zauna daram, amma siraran ƙarafan ado masu sheƙi da ake cusawa cikin tsagin robar sun ƙi shiga, musamman a kusurwoyin sama, inda leɓen robar ke naɗewa ciki duk da ruwan sabulun da nake shafawa. Ƙarafan na asali ne, shi ya sa nake tsoron matsa musu, domin idan suka lanƙwashe da wuya su koma yadda suke.

Shin wajibi ne in sake cire gilashin, in sa ƙarafan a jikin robar tukuna kafin a ɗora shi? Ko kuwa akwai dabarar buɗa tsagin ba tare da an yaga robar ba? Don Allah waɗanda suka taɓa wannan aiki su taimaka mini.