Furen okid na asali a zafin Kebbi: wane dangi zan kama?

Uwar Lambu, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a kan furen okid. Ina da 'yar rumfar zana a tsakar gida, gindin darbejiya, a nan nake jera tukwanena. Abin da ke ciki kowa da inda ya fito: akwai Phalaenopsis da aka kawo mini tsaraba daga Abuja, akwai Dendrobium da mai sayarwar bai san cikakken sunansa ba, sai wani mai dogayen kara da ƙanen maigidana ya ba ni, ya ce Ansellia ne.

Na fahimci cewa yawancin na kasuwa an yi musu barbara ne tsakanin iri da iri don fure ya yi girma. Ni kuwa raina ya fi kwantawa da tsantsar jinsi, yadda Allah Ya halicce shi a daji. To amma jinsunan okid sun kai wajen 28,000, rumfata ƙarama ce, albashin kuma na malamar makaranta. In kama dangi ɗaya ne, ko na yanki ɗaya, ko in bi masu ƙamshi? Abin da na lura da shi kawai, da Maris ya shigo ganyen Phalaenopsis yakan yi laushi ya yamutse ko da ina ba shi ruwa, shi kuwa mai dogayen karan ko a jikinsa.

Baba na Zuru:

Wa alaikumus salam 'yata. Ai amsarki tana cikin maganarki ta ƙarshe. Kada ki fara da tambayar wanne ya fi burge ki, fara da wanne zai iya cin bazara a Birnin Kebbi. Phalaenopsis ɗan kurmin kudu maso gabashin Asiya ne, su Filifin da Indunusiya, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Ba shi da kututturen ajiyar ruwa, a ganye yake ajiye ɗan abin da ya samu, kuma ya fi jin daɗi in zafi bai wuce digiri 30 ba. Ku kuwa a Afrilu kuna haura 40. Ba rashin kulawarki ba ne, wurin ne ba nasa ba.

Ni shawarata ki tsaya a kan okid ɗin dajin Afirka masu hutawa da rani, kuma kin riga kin riƙe babbansu. Ansellia africana shi kaɗai ne a danginsa. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa, shi ya sa ake danganta shi da damisa. Sunan ya samo ne daga John Ansell, ma'aikacin lambu da ya biyo ayarin Turawan Ingila na kogin Neja a 1841, ya same shi a tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko. A kan bishiya yake zama, yana son manyan itatuwa da dangin giginya, amma ba kauci ba ne, ba ya shan komai a jikin bishiyar. Je ki duba gindin naki da kyau. In ya samu lafiya za ki ga wasu fararen saiwoyi sirara sun miƙe sama tsaye maimakon su nutse ƙasa. Kada ki yanke su, kada ki tura su cikin tukunya. Da su yake tare busasshen ganye da ke faɗowa, ya ruɓe masa ya zama taki. Waɗannan dogayen karan kuma rumbunsa ne na ruwa, shi ya sa bazara ba ta firgita shi. Yana son haske sosai, ki matso da shi bakin rumfa inda hantsi ke taɓa shi, in ya zauna a duhu zai yi ta ganye ba fure.

Na biyu shi ne dangin Eulophia, kuma nan ne nake ganin za ki samu abin yi na shekaru. Jinsunansu sun kai wajen 200, mafi yawa a Afirka, kuma a ƙasa suke tsirowa. Wanda ya saba yawo a dajin kudancin jiharmu zai iya tuna wani fure mai ruwan hoda zuwa shuɗi-shuɗi da ke fitowa a dogon tsinke gab da saukar damina, ba ganye ko ɗaya a gindinsa, sai daga baya ganyen ya biyo. Eulophia cristata haka yake yi. Akwai guineensis mai son inuwa, akwai petersii na gabashin Afirka da yankin Larabawa, mai kaurin ganye da kaifin gefe, wanda ke rayuwa a tsakanin duwatsu. Amfanin tsayawa a kansu shi ne kusan duk rumfar za ta bi kalanda ɗaya: ruwa da taki da damina, a ja hannu da hunturu. Mai tarkacen iri daban-daban kullum yana cikin lissafin wa zai sha wa zai yi ƙishi, kuma a nan ake asarar tsiro.

Ɗan Yawuri:

Baba ya faɗi gaskiya, amma ina da ja a wuri ɗaya, a gafarce ni. Hajiya, kada ki rabu da Phalaenopsis ɗinki. Nawa a ɗaki suke kusa da taga ta gabas, gefen randa, da faranti mai tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunyar ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba, kuma suna fure. Gaskiya mu nan bakin kogi ne, iskarmu ta fi taku laima. Ki bar su a matsayin baƙi, kawai kada ki ƙara sayen wasu.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za a samo tsiron. Da an ce Eulophia na daji, sai wani ya ɗauki fartanya. Ansellia ma yana cikin jerin tsirran da ake fargabar raguwarsu, saboda masu cire shi don magani da ado da kuma sare itatuwan da yake zama a kai. Ki nemi wanda ya daɗe a tukunyar wani a raba miki. In kuma daga waje za ki yi oda, ki sani duk okid yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, da ta fara aiki a 1975, Nijeriya na ciki, tsantsar jinsi ba ya tsallaka iyaka sai da takarda. Masu tallan ƙwayar irin okid a intanet kuwa ki rabu da su. Irin kamar ƙura yake, ba abinci a cikinsa, a daji sai ya haɗu da wata irin funfuna kafin ya tsiro. Sai a 1922 Lewis Knudson a Amurka ya nuna yadda ake tsirar da shi a kwalba da sukari da sinadarai, aikin ɗakin gwaji ne.

Uwar Lambu, Birnin Kebbi:

Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Na je na duba, saiwoyin nan suna nan tsaye cirko-cirko, na ji daɗi ƙwarai da na san aikinsu. Ɗan'uwa na Yawuri, na karɓi maganarka, ba zan sa a tono mini komai a daji ba. Na yanke shawarar tsayawa a kan Ansellia da Eulophia. Saura abu biyu: tukunyar Ansellia ta cika har karan na tura juna, yaushe zan raba, kuma da me zan cika sabuwar? Sannan ruwan burtsatsenmu yana barin farin gishiri a bakin tukunya.

Baba na Zuru:

Amin 'yata. Kada ki raba yanzu. Jira sai kin ga sabon toho ya leƙo a gindi da koren kan saiwa, yawanci gab da damina. Ki ƙona wuƙa a wuta ta huce, ki yanka yadda kowane kashi zai tashi da kara uku ko huɗu, ki barbaɗa garin gawayi a wurin yankan. In ma tukunyar ba ta tsage ba, ƙara masa shekara, babban gungu ya fi yawan fure.

Ƙasa ko kaɗan kada ta shiga tukunyarsa. Gawayi manya-manya, tsingaro, da ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sosai, a tukunyar ƙasa mai ramuka. Eulophia ne ke son rairayin gulbi mai tsakuwa da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Ki ɗora su duka a kan benci na ƙarfe saboda gara.

Farin nan da kike gani yana ƙona kan saiwa. Ki tari ruwan sama a durom mai murfi ki ajiye musu, in ya ƙare ki riƙa kwarara na burtsatsen da yawa lokaci-lokaci har ya zube ta ƙasa ya wanke gishirin. Kowace tukunya kuma ki sa mata alama da fensir, sunan jinsi, wanda ya ba ki, da watan da ya yi fure, don biro yana gogewa a rana. In Allah Ya kai mu Mayu ki tuna mini, ina da guineensis da ya isa rabo, zan ba direban motar Zuru ya kawo miki tasha.