Neman shawara: wane abinci ne ke tafiya da farar giyar inabi marar zaƙi?

Sabon ma'aikaci:
Jama'a barkanku da war haka. Wata biyu ke nan da na fara aikin kai abinci tebur a wani otal. Ni ba na sha, amma baƙi ni suke tambaya. Shekaranjiya wani ya yi odar kifin da aka turara da lemon tsami, ya ce in zaɓo masa fara marar zaƙi. Na rasa ta cewa, sai na ɗauko wata farar giya mai suna Chardonnay mafi tsada. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ture kofin gefe, bai ƙara taɓa shi ba. Har yanzu kunya nake ji. Ina na yi kuskure?

Tsohon kuku:
Ƙanena, kuskurenka ka bi kuɗi, ba ka bi farantin ba. Ina kyautata zaton irin Chardonnay ɗin da ta kwana a gangar katako ka ba shi, mai nauyi a baki, da ƙamshin bota. Ita wannan kaza da miyar kirim take so, ko kifin da ya sha bota. Kifinka kuwa ba shi da ƙarfi, danne shi ta yi.

Ka ɗauki fara marar zaƙi tamkar lemon tsamin da ake matsawa kan abinci. Duk abin da za ka matsa wa lemo, kamar kifi, jatan lande, ƙaguwa, salak, to mai ɗan tsami ce tasa: Sauvignon Blanc, ko Pinot Grigio ta Italiya, ko Albariño ta Galisiya a Sifaniya. In ma Chardonnay ɗin ce dole, Chablis, wato Chardonnay ɗin yankin Chablis na Faransa, za ka ɗauko, don yawancinta ba ta da wannan nauyin katako.

Mai kula da kwalabe:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai: rashin zaƙin nan, yis ne ya cinye sukarin inabin kusan ƙarƙaf. A ƙa'idar Tarayyar Turai, sukarin da ya rage a giyar kada ya wuce giram 4 a lita, ko har 9 idan tsaminta ya yi yawa. In marar zaƙi ce, a kwalbar Jamus za ka ga an rubuta trocken, ta Faransa kuma sec. Sai dai ka yi hattara da shamfen: a can sec tana da zaƙi, brut ce marar zaƙin.

'Yar kicin:
Abu biyu ke kwaɓewa, ɗan'uwa. Barkono da kayan zaƙi. In abinci ya ji yaji, ƙarfin giyar ƙara hura wutar yake, gara Riesling mai ɗan zaƙi-zaƙi. Kek kuwa, da an ci loma ɗaya an kurɓa, sai ta koma tsami zalla a baki. Amma gwada ba wa baƙo Sancerre, wato Sauvignon Blanc ɗin yankin Sancerre na Faransa, da cukun madarar akuya, ka ga yadda zai gyara zama.

Sabon ma'aikaci:
Na gode ƙwarai. To Baba, sanyin fa? Kusa da ƙanƙara muke ajiye su duka.

Tsohon kuku:
Shi ma yana cikin abin da ya kashe maka kasuwa. Sanyi in ya yi yawa ƙamshi yake kashewa. Marasa nauyin, digiri 7 zuwa 10 ya ishe su, masu nauyin kuma 10 zuwa 13. Ka fito da Chardonnay daga firij kamar minti 15 kafin ka buɗe. Kuma tun da ba ka sha, hanci ya ishe ka: ka riƙa shinshina kofi idan an buɗe sabuwa, wadda ke ƙamshin ciyawa da lemo daban, mai ƙamshin bota daban.

'Yar kicin:
Kada ka manta da wannan: idan an dafa miya da giyar, ka faɗa wa baƙon da ba ya sha tun kafin ya yi oda. Tafasa ba ta fitar da giyar duka. Mu romo muke sa masa da ɗan lemon tsami a madadinta.