Me ƙwayar T take yi da ƙofofin fotasiyam?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum malamai. A darasin garkuwar jiki a Jami'ar Bayero an ambaci Kv1.3 da KCa3.1, ƙofofin da fotasiyam ke bi ta jikin ƙwayar T, wato ɗaya daga fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Ƙwayar T ba jijiya ba ce, ba tsoka ba ce. To me ya haɗa ta da waɗannan ƙofofi?

Malamar Fisiyoloji: Wa alaikumus salam ɗana. Kalsiyam take nema, fotasiyam shi ke share masa hanya. Idan ƙwayar ta gane abokin gaba, rumbun kalsiyam na cikinta yakan zube, furotin STIM1 mai gadin rumbun ya ji, ya buɗe ƙofar kalsiyam mai suna Orai1, kalsiyam na waje ya shigo. Amma kalsiyam cajin lantarki mai alamar tarawa (+) yake ɗauke da shi. Cikin ƙwayar yana kusan milibolt 50 zuwa 60 ƙasa da sifili, kuma wannan ne ke janyo shi. Yana shiga, ratar cajin da ke tsakanin ciki da waje tana raguwa, jan yana sanyi. Sai Kv1.3 ta buɗe saboda canjin cajin, KCa3.1 kuma ta buɗe saboda kalsiyam ɗin kansa. Fotasiyam ya fita, tunda ciki kusan milimola 140 ne a kowace lita, waje kusan 4. Ratar ta dawo, kalsiyam ya ci gaba da kwarara har ya kunna furotin masu isar da saƙo, kalsinurin da NFAT, a ƙera IL-2, sinadarin da ke ba da umarnin ƙaruwa, ƙwayar ta hayayyafa. Toshe ƙofofin, saƙon ya mutu a hanya.

Likitan Jini, Tarauni: Malama ta gama magana. Ƙari kawai: sababbin ƙwayoyin T idan sun farka sukan ƙara ƙofofin KCa3.1 zuwa kusan 500 a kowace ƙwaya, masu tsohuwar tunawa da ke ruruta cututtukan da jiki ke yaƙar kansa kuma sukan kai Kv1.3 kusan 1,500. Shi ya sa aka gwada dalazatide, maganin da ke toshe Kv1.3, wanda aka samo daga dafin wata halittar teku, a kan cutar fata ta soriyasis.

Abin da ya shafe mu a Kano: KCa3.1 ita ce ƙofar Gardos ta jajayen ƙwayoyin jini, wadda ke busar da su a sikila. An gwada maganin senicapoc don toshe ta. Jini ya ƙaru, amma tashin ciwon bai ragu ba, aka dakatar da gwajin.

Ɗan Gwale: Allah ya saka. Kenan jiƙa kanwa zai ƙara garkuwa, tunda ana cewa fotasiyam ce?

Malamar Fisiyoloji: A'a, kada ka fara. Kanwa yawancinta sodiyam ce. Kuma ƙoda ke riƙe fotasiyam na jini tsakanin milimola 3.5 da 5 a kowace lita. Ya haura sosai, zuciya ce ke rikicewa. Ko a cikin ƙarin ciwon daji, inda matattun ƙwayoyi ke zubar da fotasiyam, yawansa kashe wa ƙwayar T kuzari yake yi.