Neman shawara: kwanon altirasawun ya ƙi ba ni sakamako iri ɗaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina bincike kan wargaza rinin masana'antu a cikin ruwa da altirasawun, sautin nan da ya wuce jin kunnen mutum. Kwanon wanke kayan gwaji nake amfani da shi, mai kilohaz 40. Yau rini ya ɗan koɗe, gobe ko gezau, alhali ruwa ɗaya, lokaci ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da ruwan kwanon ya yi zafi sai aikin ya ƙara ja baya, ni kuwa a sanina zafi gaggauta aikin sinadarai yake yi. Injin ne ya lalace? Lokaci yana ƙure mini, a taimaka.

Wani malamin kimiyyar sinadarai: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da wuya a ce injin ne. Ba sautin da kansa ke taɓa rinin ba, kumfa ce ke yin aikin. Sautin yana matse ruwa yana saki sau 40,000 a daƙiƙa ɗaya. A lokacin sakin ƙananan kumfa ke tsirowa, su yi ta girma, sai matsi ya dawo su rufta farat ɗaya. A cikin wannan ruftawa zafi kan kai kimanin 5,000 a ma'aunin Kelbin, matsi kuma kusan ninki 1,000 na iskar da ke kanmu, duk da ruwan kina iya tsoma yatsa a ciki. Nan ne ƙwayar ruwa ke tsagewa ta ba da ɓangarori biyu, H da OH, kuma OH ɗin, mai saurin afka wa wasu sinadarai, shi ne ke cin rininki.

To ga sirrin zafin. Ruwa mai ɗumi yana cika kumfa da tururi, tururin ya zame mata matashi, ta rufta a hankali ba da ƙarfi ba. Ki riƙa sanyaya ruwan, ki tsayar da shi a ma'auni guda.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Malam ya gama magana kan zafi. Ni wurin da kike ajiye kwalbar ruwan rinin a cikin kwanon nake zargi. Ƙarfin sauti ba ɗaya ba ne a ko'ina cikin kwano. A kilohaz 40 wurare masu ƙarfi suna maimaituwa kusan duk santimita 2. Tsoma siririyar takardar alminiyam a tsaye na ɗan lokaci, za ki ga ta huhhuje layi-layi, wani wurin kuma lafiya lau. Inda ta fi ragargajewa, nan za ki ɗaure kwalbarki kullum, kuma kada zurfin ruwan ya canza. Sannan ki zuba ruwan sinadarin fotasiyam ayodaid a kwalbar ki kunna injin: in ya koma rawaya, OH na fitowa.

Wani ɗan ƙungiya: Ki nemi injin altirasawun mai sandar da ake tsomawa cikin ruwan kawai, na kilohaz 20, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Malamin: A'a ɗan'uwa, ƙarfin nan na bugu ne. Sanda ta fi a fasa dunƙulen gari ko haɗa mai da ruwa, kuma bakinta na ƙarfen titaniyam yana zaizayewa ya zuba cikin samfur. Mai neman OH da yawa, tsakanin kilohaz 200 zuwa 500 ya fi masa. In babu wannan, a busa iskar gas ɗin nan mai suna agon cikin ruwan rinin kafin a kunna, ruftawar ta fi zafi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Agon ɗin minti nawa zan busa, kuma a rufe bakin kwalbar ko a bar shi buɗe?