Fulogin iridium da wayoyi masu kauri: suna ƙara wa mota ƙarfi?

Sani:
Assalamu alaikum. Mota ce mai silinda huɗu da distiributa, littafinta ya ce a sa fulogin kamfanin NGK mai lamba BKR6E-11. Tana rawa a tsaye, a hawa kuma wuta na ɗan tsinkewa. In za a canza, fulogi mai tsinin ƙarfen iridium ya fi ko na gama-gari? Wayoyin fulogi masu 8mm fa, da gaske suna ƙara ƙarfi?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, ajiye maganar iridium tukuna, lambar nan ita ce kan gaba. B na nufin kaurin zare, wato sashen da ake murɗawa cikin inji, 14mm ne, K sifana 16, R akwai rizisto (mai rage tsatsar lantarki) a ciki, E tsawon zare 19mm, 11 kuma tazarar baki ce, 1.1mm. Ko na wane kamfani za ka saya, waɗannan su zo daidai. Zare in ya yi tsawo, fistan na iya dukan bakinsa. In ya gaza, wutar na tashi a cikin rami, baƙi ya cike ragowar zaren hedi, wato kan inji inda ake ɗaura fulogi.

Lamba 6 ɗin ita ce ta zafi, wato yadda fulogi ke riƙe zafi ko sakinsa, a nan mutane ke kuskure. A NGK da Denso, babbar lamba mai sanyi ce, a Bosch da Champion kuwa mai zafi ce, saboda haka kada ka gwada lamba da lamba, duba jadawalin musaya na kamfanin. Mai sanyi da yawa baƙin hayaƙi ke rufe shi har ya daina wuta. Mai zafi da yawa ya fi haɗari, yana kunna mai kafin lokaci, har ya huda fistan.

Iridium daɗewa yake yi, kusan kilomita 100,000, na gama-gari kuwa wajen 30,000. Ƙarfin inji kam yana nan inda yake.

Oga Tanko:
Haka ne, Malam. Na wayoyi kuma, 8mm ɗin kaurin roba ne, ba yawan wuta ba. Abin dubawa shi ne cikinta. Mai zallar jan ƙarfe ba ta dace da mota mai kwamfuta ba, tana rikita sensa, rediyo ya dinga tsatsa. Nemi mai kabon ko mai naɗaɗɗiyar waya, wadda aka yanka don injin naka, tsawo da hular robar bakinta duka.

Kafin ka saya ma, gwada na jiki. Sa mitar awon lantarki a kowace waya ka auna yadda take tare wuta: Toyota da yawa iyakarsu kilo-om 25 ce, wadda ta wuce ko ta ƙi nuna komai ta mutu. Sannan da dare ka tada inji, ka fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kansu. In ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle zuwa jikin inji da ƙara tas-tas, to ga tsinkewar wutarka nan. Ka buɗe hular distiributa ma ka duba tsagewa da rota. Wajen canzawa, ɗaya bayan ɗaya, ka kama hula ka murɗa, kada ka ja wayar. Yawancin masu silinda huɗu a jerin 1-3-4-2 silindojinsu suke tashi, musanya wayoyi biyu kawai ya isa ta fara harbi.

Injiniya Bala:
Ƙari kan ɗauri. Inji ya huce sarai, musamman hedin alminiyam. Hure ƙurar ramin kafin ka kwance. In ka tarar da baƙin mai kwance a ciki, gasket ɗin murfin bawul ne ke yoyo, zai cinye sababbin wayoyin in ba a gyara ba. Fara ɗaurawa da hannu har wasa (zoben ƙarfen gindin fulogi) ta zauna, sannan sifana ta ƙara rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku, ko 25 zuwa 30 Nm in akwai sifana mai awon ƙarfin ɗauri. Kada a shafa giris a zaren NGK, yana sa a wuce ƙima. Iridium kuma ba a zura masa abin gwajin tazarar baki da ƙarfi, tsinin siriri ne, nan da nan yake karyewa.

Sani:
Na gode ƙwarai. Zan fara da gwajin mita da feshin ruwan.