Bashin gida da tsadar haya: muhawarar zauren unguwa

Baban Khalifa: Jama'a, mai gidan da nake haya a Ɗorayi ya sake ƙara mini kuɗi, wai siminti ya yi tsada. Ni gwamnati nake ɗora wa laifi. Tun 1992 aka kafa asusun gidaje na NHF, ana cire kashi 2.5 daga albashin ma'aikaci, a kan zai ci bashi da ruwa kashi 6, ya biya cikin shekara 30. Amma sai ka kawo takardar C of O, wato shaidar mallakar fili, wadda talaka bai san kalarta ba. Mai gida ake ba bashi ya ƙara gida, mu haya ta cinye mu.

Malam Ɗanlami: Ruwa kashi 6? Ko kashi ɗaya ne riba ce, haramun ce.

Maman Ummi: Allah gafarta Malam, to ina za mu sa 'ya'yanmu? Bankin Jaiz ma da ba ya karɓar ruwa ai yana ɗora ribarsa.

Malam Ɗanlami: Hajiya, ribar ciniki daban, ta bashi daban. A koma makaranta.

Maman Ummi: Ni kake turawa makaranta? Na yi sauka kafin a yaye ka!

Injiniya: A yi haƙuri. Yaya Baban Khalifa, sakin bashi barkatai ma masifa ne. A Amurka aka riƙa ba marasa ƙarfin biya bashin gida, farashi ya yi sama sannan ya rikito, aka ƙwace gidajen jama'a. A Satumbar 2008 sai da gwamnati ta karɓe manyan kamfanonin bashin gida, Fannie Mae da Freddie Mac. Har gobe ana gardama: manufar gwamnati ce ta jawo ko haɗamar bankuna.

Malam Ɗanlami: Ka ji ƙarshen riba!

Ɗan Kurna: Ku bar Amurka. Madugu Kwankwaso ya gina rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo a Kano, kowa ya gani da idonsa.

Na Kwari: Talaka nawa ke kwana a ciki? Cire jar hular ka yi magana.

Ɗan Kurna: Naku me ya gina?

Baban Khalifa: Ni fa maganar haya na kawo, wa'adina ƙarshen wata ne.

Shugaban zaure: An rufe. Abin da aka cimma: bashi da ruwa ne tushen matsalar, kamar yadda Malam ya kafa hujja kuma Injiniya ya tabbatar. Gidajen Madugu ba a musa ingancinsu ba. Hajiya, ki nemi afuwar Malam. Na Kwari, gargaɗi na ƙarshe kan siyasa.